Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: har a aikin manhajar sa-kai?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar sa-kai a nan Kano, muna gina manhajar ƙamus wadda kowa ke da damar duba cikinta, ya gyara, ya raba kyauta. An kawo wani sauyi da zai ƙara saurin binciken kalma, kusan kowa ya amince, sai mutum ɗaya ya hau kujerar na-ƙi. Hujjarsa ita ce manhajar za ta daina bambance ƙ da k, ɗ da d. Wani ya ce masa, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mu wuce." Don Allah, wannan karin maganar ta zauna a nan?

'Yar Gwale: Wa alaikumus salam. Ta zauna daram. Mutanen nan ba albashi ake ba su ba, da kuɗin datarsu suke aiki, wasu sai bayan sallar Isha'i. A ce mutum ɗaya ya riƙe su? A ƙasar Folan an taɓa bai wa kowane ɗan majalisa ikon rushe zama da bakinsa shi kaɗai, aka sha wahalarsa tun daga 1652, sai 1791 aka soke.

Baba Na Kurmi: 'Yata, ki sake sauraron maganar. Ƙarfi aka ambata, ba gaskiya ba. Mu dai mun taso muna jin ana faɗinta ne idan talakawa suka haɗa kai suka rinjayi mai iko ko mai dukiya. Shi yaron nan wane ƙarfi gare shi? Ba sarauta, ba kuɗi, hujja kawai ya riƙe. Kuma wanda ya ce ƙasa ba kasa ba ce, ai bai yi ƙarya ba. In aka ɗauki maganar da aka yi don kare mai rauni aka danne mai rauni da ita, an zalunci maganar ma.

Injiniya Na Zoo Road: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gidauniyar Apache, ƙungiyar masu sa-kai da ke gina manhajojin kyauta irin taku, da aka kafa a 1999, ta daɗe da tsara wannan. Ana ƙuri'a da +1 (na yarda), 0 (ba ruwana), ko -1 (na ƙi). Idan gyaran manhaja ake magana, -1 daga wanda aka bai wa ikon ƙuri'a a aikin tana tsayar da gyaran, komai yawan masu so, kuma shi kaɗai zai janye ta. Amma da sharaɗi: dole ya kawo dalili na aiki, misali gyaran zai buɗe ƙofa ga masu kutse ko zai lalata wani abu. Na-ƙi ba dalili, ba a ƙirga ta. Kuma in aka kawo shawara aka yi shiru, yawanci awa 72, ana ɗauka an yarda.

'Yar Gwale: Injiniya, ka faɗi rabi ka bar rabi. A Apache ɗin, ba a hawa kujerar na-ƙi kan fitar wa jama'a da sabon zubin manhaja. Ana neman +1 guda uku aƙalla, masu so su fi masu ƙi yawa, shi ke nan. Ka ga su ma sun bar wa sarkin yawa gurbinsa. Abin da ke damuna shi ne gajiya. Gardama ce kan wani sauyi ta sa Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, wato wani harshen rubuta manhaja, ya sauka daga jagorancinsa a 2018, daga baya aka zaɓi kwamitin mutum biyar. Idan wanda ya ƙirƙiri abu ya gaji, ina ga ɗalibin da ke aiki da wayar hannu?

Injiniya Na Zoo Road: Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa tsarin IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, ya fi kwanta mini. Ba sai kowa ya gamsu ba, kuma ba ƙirga kawuna ake yi ba. Abin dubawa shi ne: an saurari ƙorafin, an amsa shi da gaske? In an amsa, a wuce ko mai shi bai ji daɗi ba. In ba a amsa ba, ko mutum ɗari ne a ɗaya ɓangaren, magana ba ta ƙare ba.

Baba Na Kurmi: To, Ɗan Fagge, an amsa masa?

Ɗan Fagge: A'a, Baba, karin maganar kawai aka jefa masa. Ba wanda ya gwada.

'Yar Gwale: To ku gwada mana. Ku sa ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓari da bari, ku ga abin da zai fito. In sauyin ya haɗe su, ina bayan mai ƙin. Amma ku rubuta doka yanzu: duk mai ƙi ya kawo dalili a rubuce, kuma ku sa wa'adi. Ban yarda a bar abin ba iyaka ba.

Ɗan Fagge: Na gode. Zan kai musu gobe in sha Allah. Injiniya, in shi ya ce dalilinsa na nan, sauran suka ce an warware, wa zai raba gardamar?

Injiniya Na Zoo Road: A wasu ayyukan Apache, sai wani mai ƙuri'a ya tabbatar cewa dalilin na aiki ne, ko da bai goyi bayansa ba. Ku zaɓi wanda ba shi ya rubuta gyaran ba.