Karatun jami'a ta waya: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Mushen ƙauye:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara shida ke nan ina koyarwa a wata lakwal can bayan Dakoro. Ina son ƙaro karatu, amma in na bar aji na tare a Maraɗi, tukunyar gida ba za ta hau wuta ba. An ce yanzu ana yin lisans, wato digirin farko, daga nesa. Waɗanda suka taɓa, don Allah ku faɗa mini gaskiya kafin in zuba kuɗina.

Ƴar Bagalam:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni korona ce ta jefa mu ciki ba shiri, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Abin da muka samu shi ne gurup ɗin WhatsApp. Malami ya turo murya ta minti ashirin, kana jin zakara na cara a gidansa, kafin ka buɗe an binne ta da "amin" da "mun gode Malam" sun fi ɗari. Sai da shugaban aji ya kulle bakin kowa muka samu lafiya. Amma in faɗi gaskiya, ni na ƙaru. A babban aji kullum ina can baya, Faransancin malamin kuma gudu gare shi kamar kabu-kabu. A waya kuwa sai in mayar da shi baya sau uku ina wanke-wanke, ba mai harara ta. Rigimar ɗaya ce, wayar ta mu biyu ce da ƙanwata.

Majo:
Ni masta na yi da wata jami'a ta waje, ta Moodle, shafin intanet da ake ɗora darussa da jarrabawa, ina aiki a asibitin karkara wajen Tasawa. Karatun bai ba ni wuya ba, wuta ce. A watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan juyin mulki, jarrabawa ta same ni, irin wadda agogo ke tafiya a saman shafi. Saura tambaya huɗu kwamfuta ta mutu. Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi, zufa na ɗiga a kan maɓallai. Kashegari na sayar da rago na sayi faifan sola da batir. Mushe, ka tambayi makarantar abu guda: ana sauke darasi a ajiye, ko dole sai an hau Zoom kai tsaye? In na biyun ne, daga ƙauye ba za ka iya ba, bidiyo shan kuɗi yake kamar rairayi da ruwa. Ni da tsakar dare nake sauke nawa, lokacin rezo ya huta.

Ɗan noma:
Mu masu karatun aikin gona ba ruwanmu da wannan. An turo mana hoton cutar gero, na haddace tsaf, da muka je gona sai wani tsoho ne ya nuna mini ita.

Malam na jami'a:
Ku ma ku ji namu. Da yawanmu ba wanda ya koya mana shirya darasi don nesa, takardun aji muka ɗauka hoto muka tura, wannan kuwa fotokofi ce kawai ta canza riga. Jarrabawar gida kuma na taɓa samun takarda goma sha biyu da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya. Duk da haka ban raina abin ba. Kafin 2010, da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, yawancinmu sai mun niƙi gari zuwa Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi. Wanda aiki ko aure ya ɗaure, shi ke nan. Shawarata, ɗan uwa, kada talla ta ruɗe ka. Bincika ko gwamnati ta san da makarantar, kuma ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'a da ke Wagadugu, ta amince da takardar da suke bayarwa.

Mushen ƙauye:
Allah ya saka da alheri. Mu nan rezo sai an hau tudun bayan rijiya, gindin wata aduwa, nan ma nake tsaye yanzu. Majo, nawa ka sayi solar taka, kuma tana ɗaukar kwamfuta har dare?