Janareto da tawada a kwando ɗaya

Mai Shagon Kwafi: Assalamu alaikum jama'a. Na sa manhajar lissafin kayan aiki a shagona na buga takardu da ke Sabon Gari, amma abin ya rikice mini. Kwamfuta 6, firinta 3, janareto, inbata, takarda da tawada, duk na zuba su wuri ɗaya. Watan da na sayi janareto sai lissafi ya nuna na yi asara, alhali ciniki na tafiya. Ina mafita?

Hajiya Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam ɗana. Ni ma haka na yi, keken ɗinki da zare a layi ɗaya. Kowane kaya ka tambayi kanka: wannan zai haura shekara yana aiki, ko ƙarewa yake yi? Mai daɗewa kadara ne, mai ƙarewa kuɗin kashewa ne.

Malam Akanta: Hajiya ta gama magana. Janareto ba a ɗora kuɗinsa kan wata ɗaya. A ce ka saye shi naira dubu 600, kana sa ran zai yi shekara 4, to dubu 150 za ka riƙa cirewa duk shekara, wato raguwar daraja. Ka raba gidajen: injina, kwamfutoci, kayan wuta, kujeru da tebura. Kada su yi yawa, in ba haka ba yaran shago ba za su bi ba.

Mai Gyaran Kwamfuta: Yaya, gwada Snipe-IT, manhajar lissafin kayan aiki ce, kuma kyauta ce. Da rabe-rabenta take zuwa: kadara, kayan haɗi irin su mawus da kibod, kayan da ke ƙarewa, sassan inji, da lasisin manhaja. Ka sa mata adadi, in tawada ta kusa ƙarewa za ta sanar da kai. Sai dai ɗora ta kan saba (server), wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, yana son wanda ya iya. Kuma don Allah ka liƙa wa kowace na'ura lamba. Na taɓa karɓar firinta biyu iri ɗaya gyara, mai su bai san wacce ke da garanti ba, sai da muka kwana biyu muna tonon rasit.

Mai Shagon Kwafi: Allah ya saka da alheri. Batirin inbata fa, Malam?

Malam Akanta: Rubuta shi daban, domin yana riga inbatar mutuwa. Kuma takardar da kake sayar wa mutane rim-rim haja ce, kada ka haɗa ta da wadda kake bugawa.