Kuɗin adashe sun shigo: bodi zan saya ko lensi?

Ɗan Badariya: Salamu alaikum 'yan uwa masu hoto. Wallahi tun daren jiya raina a ɓace yake. Na je aikin kamu wani hol nan cikin Birnin Kebbi, ina shiga gwaggon amarya ta kalli kyamarata Canon 600D sama da ƙasa ta ce wai wagga 'yar ƙaramar aba ita za ta ɗauke mu? A gaban mutane fa, har 'yan matan amarya na dariya. Abin haushin kuma hol ɗin duhu, fitilunsu shuɗi da ja ne kawai, na kai ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, har 3200 hoto ya fito duk tsaki-tsaki kamar an watsa mai gero, ga lensin 18-55 ɗin nan da ka ja shi zuwa 55 sai ƙofar haskensa ta tsuke ta koma f/5.6, na dawo gida na zauna editin har ƙarfe biyu ban samu guda ashirin na kirki ba. To yanzu na kwashi adashe, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne a hannuna. Bodi zan canza, wato jikin kyamarar, ko lensi, ko haske? Amma don Allah kar wanda ya kawo min zancen kayan gwanjo, na gaji da wahala.

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam. Mi kac ce? Gwanjo?

Sony na Yauri: Hhhhh yau akwai kallo

Ɗan Argungu: A'a bari shi maimaita. Guruf ɗin ga mutum nawa ad da kyamara sabuwa cikin kwali? Dut abin da muka ci da iyali da shi na hannu na, shi kuma yaz zo shina ce muna 'yan gwanjo. Ita 600D taka halan daga kamfani anka aiko maka ita? Kyamarar da ta hito tun 2011, kai lokacin ko firamare ba ka ƙare ba.

Ɗan Badariya: Yaya ni ban ce ku 'yan gwanjo ba ne, kaya na ce.

Ɗan Argungu: Wanda yaz zagi rigarka ai kai yaz zaga.

Baba Mai Hoto Jega: Yara ku yi hanƙuri. Gwanjo daban, na hannu daban. Gwanjo tuhwahi na da aka kwancewa cikin dila ranar kasuwa, kowa shi tona shi zaɓa. Kyamarar da Bature yay yi shekara biyu da ita yas saishe, anka kawo Legas cikin jakarta da cazarta, wagga ba gwanjo ba ta.

Yaron Shago: Baba ranka ya daɗe ai ba tufafi kaɗai ba, ko motocin gwamnati in sun tsufa cewa ake an yi gwanjonsu, wanda ya fi tayi shi ya ɗauka.

Baba Mai Hoto Jega: Kai wa yas sa da kai? Sadda muka wankin hoto cikin ɗakin duhu da jar fitila ko aure ba a yi ma uwarka ba.

Yaron Shago: Allah ya ba da haƙuri Baba

Anti Mai Kyamara: Ku dai tsaya, bawan Allah tambaya ya yi. Ƙanena matsalarka haske ce ba bodi ba. Wannan 18-55 da ke maƙale a kyamararka shi ke cutarka. Nemi 50mm f/1.8 na Canon, shi ne mafi arha a lensinsu, tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma, ka ga inda kake kai ISO 3200 sai ka dawo 400. Sannan ka sayi filash mai kyau na Godox da tiriga mai kunna shi daga nesa da lemar tausasa haske guda, ka daina haska fuskar mutane kai tsaye, ka juya kan filash ɗin sama ya bugi silin ya dawo. In silin ɗin fari ne za ka ga fatar amarya ta kwanta luf, hodar ma ba ta yin wannan ƙyallin. Abu ɗaya dai, 50 a kan kyamararka kamar 80 yake saboda sansarta, wato abin da ke kama hoton a ciki, ƙarama ce, ana ninkawa da 1.6, to a ɗakin amarya da gado da sif da kwanuka sun cinye wuri za ka ja baya har bayanka ya bugi bango ba ka ɗauki mutum uku ba. Don haka in da hali ka haɗa da Tamron 17-50 f/2.8. Duk wannan ba zai cinye kuɗinka ba, sauran ka ƙara batir biyu da memori.

Oga na Gesse (admin): Tamron ɗin sabo ko na gwanjo? 😂

Anti Mai Kyamara: Oga kai ma?

Sony na Yauri: Ni fa duk wannan lissafin ɓata kuɗi ne. Kana zuba kuɗi kan kyamarar da masu ita sun wuce wurin, Canon da kansu tun 2018 suka fara komawa kyamara marar madubi a ciki da EOS R. Ka cika kuɗi ka ɗauki Sony A7 III ka huta, ful-firem ce wato mai babbar sansa, ramin memori biyu, tana riƙe rawar hannu a cikin bodi, tana kama idon mutum da kanta ko amarya na rawa. Lensin Canon ma za ka iya ɗora mata da adafta MC-11 ta Sigma.

Ɗan Argungu: Ita A7 III taka sabuwa kas saye ta?

Sony na Yauri: Buɗaɗɗen kwali ce

Ɗan Argungu: Buɗaɗɗen kwali!! Jama'a ku ji wani sabon suna. Wa yab buɗe kwalin, aljannu?

Sony na Yauri: Buɗaɗɗen kwali daban da wanda aka yi aiki da shi, je ka tambaya. Shotarta, wato adadin hotunan da ta harba, ko dubu biyar ba ta kai ba da na karɓa.

Oga na Gesse (admin): Haka mai shagon ya faɗa maka dai. Kuma Sony ba ta iya fatar baƙin mutum ba, kowa ya sani, sai ka ga amarya ta koma kore-kore kamar ganyen zogale. Kalar Canon ita mutanenmu ke so.

Sony na Yauri: Oga kowa ya sani su wa? Kawo hoto ɗaya.

Oga na Gesse (admin): Shekarata goma sha biyar a sana'ar nan, ba ni buƙatar kawo maka hoto.

Ɗan Zuru: Ni Nikon D750 nake riƙe tun tuni, ita ma rami biyu gare ta, na ɗauki bikin Uhola na Zuru da ita ba sau ɗaya ba, amma a gidan nan in ba Canon ka ce ba kamar ba ka yi magana ba. Kuma tokunbo ake cewa ba gwanjo ba.

Baba Mai Hoto Jega: Tokunbo Yarbanci na. Mu ɗan Kwatano muka sani.

Ɗan Zuru: Baba ɗan Kwatano ai mota ce

Yaron Shago: A kasuwar waya kuma Landan yus suke cewa, ko da daga Dubai ta zo

Ɗan Badariya: Don Allah jama'a na janye kalmar. Abin da nake nufi, bara na sayi filash na hannu wurin wani a Kano, mako uku ya mutu, na kira shi ya ce ai ba ya ba da garanti. Shi ya sa nake tsoro. Yanzu in na ce ful-firem ɗin Canon 5D Mark III zan nema ya zan gane mai lafiya?

Anti Mai Kyamara: Ka sa a duba maka adadin shota a kwamfuta a gabanka, kar ka yarda da baki. Canon sun ƙiyasta ta 5D Mark III a kan 150,000. In kana harba 1,500 a biki ɗaya ka ga biki ɗari kenan, to in an kawo maka wadda ta ci 130,000 ka san me ka saya. Ka cire lensi ka haska cikin da tocila, ka mayar da lensin ka ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo hoton ka ga ko akwai ɗige-ɗige a sansa. Kuma ka sani 18-55 ɗinka EF-S ne, na masu ƙaramar sansa, ba ya hawa 5D ba ya hawa 6D, batirinka LP-E8 ne su kuma LP-E6 suke ci, kenan ranar da ka sayi bodin ka koma ba lensi ba batir.

Ɗan Argungu: Tunda anka zo zancen LP-E6, Oga ina batirina guda biyu?

Oga na Gesse (admin): Wane batir kuma

Ɗan Argungu: Wanda ka ara bakin Matan Fada, bikin kamun kihi na 2020, sadda naka yam mutu ana gab da buga bindiga masunta su hwaɗa ruwa. Ni nib ba ka, ni kuma nit tsaya da guda ɗai cikin rana da ƙura har anka auna babban kihi. Kac ce in mun koma Birni.

Oga na Gesse (admin): Na ba yaronka tun a tasha.

Ɗan Argungu: Wane yaro? Ba ni da yaro lokacin.

Sony na Yauri: To ko batirin ma ya shiga gwanjo ne 😂😂

Oga na Gesse (admin): Kai ka kiyaye ni. Mutumin da ya zo hawan sallah fadar Gwandu kyamara ta yi zafi ta ɗauke yana fifita ta da hula shi ne zai yi min dariya.

Sony na Yauri: Wannan tsohuwar ce ba A7 III ba, kuma bidiyo nake ɗauka a tsakar rana. Ku da 600D ke yanke muku bidiyo duk bayan minti goma sha biyu fa?

Ɗan Zuru: Ku 'yan Birni komai sai kun nuna kun fi mu na ƙauye

Yaron Shago: Zuru ai ba ƙauye ba ne

Ɗan Zuru: Su za ka faɗa wa

Anti Mai Kyamara: Ni abin da ke ba ni mamaki, hoton nan da kuke ta faɗa a kansa ina yake ƙarewa? Amarya ta ce a turo mata ta WhatsApp, shi kuma ya matse shi, ta ɗora a sitatus, shi kenan. 600D megafiksel 18 ce, 5184 a 3456, ta ishe ka buga babban firem na falo. Ni da 80D nake shiga wuni da kamu da ɗakin amarya inda ku maza ba ku isa ku leƙa ba, ba wadda ta taɓa tambayata girman sansa. Gwaggon amarya girman abin ta kalla, sa mata batir-girif, mariƙin nan mai ɗaukar batir, a ƙasa da filash a sama da hular lensi ka ga in ba ta ce maka sannu da zuwa ba.

Baba Mai Hoto Jega: Wagga ɗiya ta hwaɗi gaskiya. Amma har yanzu ba a ba mu haƙuri kan gwanjo ba.

Ɗan Badariya: Baba na ba da haƙuri sama, duba

Baba Mai Hoto Jega: Janyewa kay yi, ba haƙuri kab ba da ba.

Ɗan Argungu: Kuma shi sabon da shika so, shi tai shi tambayi kuɗinshi. Tun da anka saki naira 2023 komi na kyamara da dala aka lissahinshi, kuɗin adashen ga nashi ko wuyan sabuwar ful-firem da lensinta ba su kamawa. Ƙarshenta wurinmu 'yan gwanjo za shi dawo.

Ɗan Badariya: To naji. Allah ya huci zuciyar kowa, Baba a yafe min, Yaya a yafe min. Yanzu dai me zan saya?

Sony na Yauri: Na faɗa maka

Ɗan Zuru: D750

Yaron Shago: Ni da ni ne iPhone zan saya, yanzu 'yan mata mai ɗaukar bidiyon waya suke nema a biki

Ɗan Argungu: A hidda yaron ga daga guruf

Oga na Gesse (admin): To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna don waɗanda ba su nan. Na farko, an yi ittifaƙi cewa kalmar gwanjo ba ta dace da kayan sana'armu ba, kuma wanda ya faɗe ta ya gane kurensa. Na hannu mai tsabta daga wurin mutumin da ka sani ya fi sabon da ba ka da kuɗinsa. Na biyu, mafi yawan manya sun tafi a kan cewa Canon ita ce ta dace da fatar mutanenmu, masu Sony ba su kawo wata hujja ba. Na uku, matsalar ƙanenmu duhun hol ce, maganin duhu kuma ful-firem, don haka shawarar gida ita ce ya nemi 6D mai lafiya ya ɗora mata 50mm kamar yadda Anti ta ce. Maganar batir ba ta guruf ba ce, za mu yi ta a waje. Ƙanena ka leƙo shago gobe bayan la'asar, akwai wata 6D da nake son saki, ni na riƙe ta da hannuna, ba za mu ɓata ba.

Anti Mai Kyamara: Ni ban ce ya sayi 6D ba Oga, cewa na yi ya bar bodi ya sayi haske. Kuma 6D ramin memori ɗaya gare ta, in katin ya lalace ranar ɗaurin aure me zai ce wa mutane?

Ɗan Argungu: Shota nawa ta ci?

*Admin ya canza saitin guruf, admin kaɗai ke iya tura saƙo.*