Daɓen tsakar gidana ya tsage: in liƙe ko in farfasa?

Abban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa samu. Daɓen kankaren da nake ajiye mota a kai ya tsage, daga gindin bango har kusa da bakin ƙofa, tsawon ya kai mita 4. Kan makulli yana shiga tsagar, kuma ɓari ɗaya ya ɗan fi ɗayan tudu, in ka ja ƙafa sai ka yi tuntuɓe. Babu bishiya a kusa, amma ruwan indararo a nan yake zuba. Magini ɗaya ya ce a cike tsagar a shafe saman duka da sabon siminti, wani ya ce a farfasa wurin a sake. So nake in tsai da magana kafin ruwa ya sauka.

Mai Haya: Wa alaikumus salam. Sare bishiyar nan kawai ka huta. Saiwa ce take ɗaga daɓe, nawa ma haka ya yi.

Abban Yara: Malam, ai na ce babu bishiya.

Mai Haya: To ta maƙwabta ce. Saiwa ba ta san katanga ba. Ni dai da aka liƙe mini, har da ladan aiki bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Uwar Gida: Kai dai Allah Ya raba ka da shafe. Abban Yara, ka saurare ni da kyau. Nawa haka ya fara, tsaga ɗaya tal. Magini ya zo ya ce Hajiya wannan ai ba komai ba ne, a zuba sabo a sama kaurin yatsa biyu, ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba. Ina tsaye suna kwaɓi, yaronsa sai ƙara ruwa yake yi, na yi magana ya ce don ya bi cokali ne ya yi santsi. Da rana tsaka suka zuba, suka wanke hannu, na tambayi zancen ban ruwa ya ce yayyafi ɗaya ya isa. Satin farko duk wanda ya shigo sai ya yaba. Kafin damina ta raba tsakiya tsagar ta dawo, kuma wallahi daidai inda tsohuwar take, har lanƙwasar da ta yi wajen famfo. Daga nan saman ya fara ɓamɓarewa. In ka ƙwanƙwasa da dutse sai ka ji fanko a ƙasa. Jikana ya yanke a ɗan yatsa da ɓallin. Na kira mutumin nan har na gaji, ranar da ya ɗauka cewa ya yi simintin ne ba shi da kyau, alhali shi ya sayo shi. Gyaran ya ci kusan rabin kuɗin sabon daɓe, ga shi yanzu sai na biya a kwashe daɓe biyu maimakon ɗaya.

Na Gefe: Hajiya, ki gode Allah, wasu ɗaya suke nema ke kina da mai hawa biyu.

Uwar Gida: Ɗan nan, ba da kai nake ba.

Injiniya: Abin da ya sami Hajiya ba mamaki. Tsagar da ke motsi a ƙasa tana biyo duk siririn abin da aka ɗora mata. Abban Yara, magana biyu a bayaninka su ne abin dubawa: ɓari ɗaya ya fi tudu, kuma ruwa yana zuba a wurin. Tsagar bushewa, wato wadda kankare yake yi sa'ad da yake bushewa, siririya ce, gefunanta a daidai suke. Taka kuwa alama ce cikon ƙasa ya zauna, ko ruwa ya kwashe shi. Ka ɗan manna kwaɓin fulastar gini a gicciye a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka bar ta makonni. In ta dare, tsagar tana tafiya. In ba ta dare ba, a buɗe bakin tsagar da injin yanka, a hure ƙurar sarai, a jiƙa, a shafa ruwan ɗanko na haɗa tsohon siminti da sabo, sannan a cike. Mai motsi kuma siminti ba ya riƙe ta, sai abin liƙi mai taushi irin na foliyuretan. Amma in akwai rami a ƙasa, a yanke wannan yankin kaɗai, a daddale ciko, a zuba kankare kaurin santimita 10. Kuma a fara kau da ruwan indararon, in ba haka ba aikin banza ne.

Tsohon Birkila: Yallaɓai Injiniya, da girmanka, wannan karatun takarda ne. Tun ba a san foli-wane ba muke liƙe daɓe da siminti da yashi mai laushi, kuma suna nan.

Injiniya: Baba, waɗanda suke nan ɗin masu tsagar bushewa ne. Waɗanda suka sake tsagewa wani aka kira, shi ya sa ba ka gan su ba.

Tsohon Birkila: Kai ka taɓa riƙe cokali tun safe har la'asar? Ku ne kuke sa a sayi ragar ƙarfe, ta ƙare daɓen ya tsage.

Injiniya: Raga ba ta hana tsagewa, hana tsagar buɗewa take yi. Kankare sai ya tsage, shi ya sa ake yanka masa layi duk mita 3 ko ƙasa da haka, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, don ya tsage a inda aka zaɓa masa. A ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma a kwana 28 ake auna shi.

Tsohon Birkila: Zancen ruwa kam gaskiyarka ne. Sai dai ka faɗa wa masu gida, su ne suke hawa da mota kwana uku da zubawa, in ya lotsa a ce magini ɓarawo.

Uwar Gida: Baba, ni ban hau da komai ba. Yayyafi ɗaya ya ce mini. Ɗaya!

Mai Shago: Buhu biyu da Mai Haya ya faɗa, a wace duniya? Ni abin liƙin nan mai taushi kaɗai ya haura kuɗin buhu biyar, ban da hayar injin yanka. Da na sani intalok na shimfiɗa, ƙananan bulon nan da ake jerawa a kan yashi, ya fi sauƙi, in ya lotsa ka ɗaga ka gyara yashin ka mayar.

Direban Tifa: Sauƙi ina? Ninki biyu aka yi mini lissafi. Ga ciyawa, ga tururuwa suna fito da yashin.

Na Gefe: Abban Yara, sayar da motar ka shuka fure a tsagar. Ga ruwan indararo kyauta.

Abban Yara: Allah Ya shirye ka. Injiniya, in na yanke yankin kaɗai, mahaɗar tsohon da sabon ba za ta tsage ba?

Direban Tifa: Tunda an ambaci ruwa, ni abin da ke ci mini rai maƙwabcina ne. Ya ɗaga daɓen ƙofar gidansa ya fi nawa da kusan taƙi ɗaya, ya karkata shi wajena. Duk ruwan rufinsa gindin katangata yake kwanciya, yanzu nawa daɓen ya fara zama ta wannan kusurwar. Na yi masa magana ya ce ruwa na Allah ne.

Uwar Gida: Irinsu ɗaya da maginina. Kowa ya ɓata sai ya nemo wanda zai jingina wa.

Mai Haya: Kai ma ɗaga naka ka wuce shi.

Mai Shago: Haka aka yi ta yi a layinmu, kowa yana ɗaga nasa, yanzu titin ne ya zama kwata, kwaltar duk ta farfashe. Masu jan bututun ruwa kuma suka zo suka yanka ta a gicciye, suka tura ƙasa da ƙafa suka tafi.

Tsohon Birkila: Direba, taƙi ɗaya ka ce? Wa ya yi masa aikin? Duk maginin kirki sai ya fara tambayar inda ruwa zai bi kafin ya ɗaura igiya.