Shin Rumawan Suratur Rum su ne mutanen birnin Rum na Italiya?

Ɗalibar Ilmi:
Assalamu alaikum. A wajen tafsiri an bayyana mana cewa Rumawan da aka ambata a farkon Suratur Rum sun gwabza da Farisawa, kuma sarkinsu a lokacin shi ne Hiraƙla. Amma a makaranta an koya mana cewa daular Rum ta faɗi tun shekara ta 476, kusan ƙarni guda kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Ta yaya daular da ta riga ta rushe za ta sake fitowa fagen fama? Ina neman ƙarin haske daga masana.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Daula ɗaya ce, sai dai ta rabu gida biyu, kuma rabin da ya rushe a 476 shi ne na yamma kaɗai. Tun a 330 Sarki Kustantin ya kafa sabon babban birni a gabas, wato Kustantiniyya, wadda ake kira Istanbul a yau, domin arzikin daular da manyan biranenta sun fi yawa a wannan ɓangaren. Bayan rasuwar Sarki Tiyodosiyus a 395, 'ya'yansa biyu suka gaje shi, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, kuma daga nan ba a sake haɗa mulkin a hannu ɗaya ba. Yamma ta yi ta raguwa har Odowaka, wani jagoran mayaƙa daga ƙabilun Jamus, ya tuɓe sarkinta na ƙarshe.

Gabas kuwa ta ci gaba da tsayawa da ƙafafunta, kuma ita ce Farisawa suka ƙwace wa Ƙudus a 614, sannan suka mamaye Masar, har mutane suka ɗauka ta ƙare. Hiraƙla ya sake ɗaura ɗamara, ya kutsa cikin ƙasar abokan gaba, ya murƙushe rundunarsu kusa da Ninawa a 627. Wannan daula ba ta faɗi ba sai a 1453, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Alfatih ya ci Kustantiniyya.

Ɗalibar Ilmi:
Allah Ya saka da alheri, Malam. To amma na ji cewa mutanen gabas harshen Girka suke yi, ba Latin ba. Me ya sa ake kiransu Rumawa?

Baƙon Zaure:
Malama, a wurinsu zama Barume ba batun harshe ko jini ba ne, batun 'yancin ɗan ƙasa ne. A 212 Sarki Karakala ya ba kusan duk wani ɗa da ba bawa ba a faɗin daular wannan matsayi, saboda haka manomi a Sham da ɗan kasuwa a Iskandariyya duk suka zama Rumawa a idon doka. Mahaifin Karakalan ma, Sarki Seferus, haifaffen Libiya ne. Sunan Bizantiyawa da muke gani ana kiran mutanen gabas da shi a littattafan makaranta marubutan Turai ne suka yaɗa shi bayan daular ta shuɗe, kuma a ganina shi ne tushen ruɗanin da kika shiga, domin su kansu Rumawa suke kiran kansu, haka ma Larabawa suka kira su.

Malamin Tarihi:
Haka yake, ɗan'uwa. Har kalmar dinari da muke lissafin sadaki da zakka da ita daga wurinsu ta samo asali, daga sunan wani tsabar kuɗinsu, dinariyus. Tsabar zinariyar Rumawa mai ɗauke da hoton sarkinsu ce ke yawo a kasuwannin Larabawa, har zuwa zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya buga dinarin Musulunci mai rubutun Larabci zalla, ba hoton kowa a jikinsa.