Dan Allah wannan ciwo ne ko kawai shaiɗan ne yake wasa da ni?

Baƙuwar Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin da zan faɗa ban taɓa gaya wa kowa ba ko mahaifiyata. Shekarata uku a Jidda ina aikin kula da wata tsohuwa, to da na gama aiki na shiga ɗan ɗakina sai in sa iyafis in kunna waƙa in dinga kai da kawo daga bango zuwa bango, a kaina kuma wata rayuwa ce daban, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari ina da miji da yara uku duk da sunansu, har faɗa muke mu shirya. Tun ina 'yar shekara 12 nake wannan labarin, nan dai ya ƙaru ne kawai. Wani lokacin sai ƙarfe 3 na dare nake kwanciya, sau biyu ina ƙona shinkafa a wata ɗaya, sallah kuwa ban san raka'a nawa na yi ba. Ranar da na kashe ɗaya daga cikin yaran a labarin wlh kuka na yi na gaske har matar gidan ta ce rasuwa aka yi min? Na san ba gaskiya ba ne amma na kasa bari. Hauka ne ya fara?

Hajiya Shara Mansur:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni dai a nawa ganin ki nemi a yi miki ruƙiyya, irin wannan miji na ɓoye sau da yawa namijin dare ne. Ki riƙe azkar na safe da yamma, ki zo Makka ki yi umra ki sha zamzam da niyya. Kuma ki rabu da waƙoƙin nan.

Anti Nas:
Hajiya azkar kam ba mai ja, amma kar mu tsorata yarinyar nan. 'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, mai ciwon hauka irin wanda yake jin muryoyi shi bai san ba gaskiya ba ne, ke kuwa da bakinki kika ce kin sani, kuma ke kike tsara labarin. Abin yana da suna, Larabawan nan suna cewa ahlamul yaƙaza, wato mafarkin ido biyu, to akwai wanda yake wuce gona da iri har ya hana mutum aiki da barci. Wani masanin halayyar ɗan adam Eli Somer na jami'ar Haifa shi ya fara ba wa wannan mai wuce gona da irin suna a 2002, kuma abubuwan da kika lissafa kamar daga takardunsu kika kwafo, waƙa da kai da kawo da motsa baki da kuka ko dariya kai kaɗai. Har tambayoyi 16 suka tsara da ake gwada mutum da su. Sai dai har yanzu ba a sa shi cikin manyan littattafan cututtukan ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa za ki iya samun likitan da bai taɓa jin sa ba, kuma babu wata ƙwaya da aka ware masa. Abin da ake dubawa shi ne abokan tafiyarsa, don yawanci yana zuwa da ciwon damuwa ko fargaba ko waswasi ko rashin iya tattara hankali waje ɗaya, waɗannan kuwa suna da magani. Ni abin da ya tsaya min shi ne kika ce a nan ya ƙaru. Mutum yana gidan da ba mai jin Hausa, daga kicin sai ɗaki, ina kike so zuciya ta je? In kin fara jin rayuwa ta isheki ko ba kya cin abinci kar ki tsaya jira, ki kira 937 na ma'aikatar lafiya ko ki sa a kai ki asibiti.

Direban Riyad:
Wallahi na zaci ni kaɗai ne. Ni nawa ƙwallo ne, shekara nawa ina buga wa babban kulob a kaina, har hira nake da 'yan jarida ina tuƙi, ranar da na wuce jar danja aka turo min tara shi ne na farka. Abin da ya ɗan taimake ni, na goge waƙoƙin da suke tayar min da shi, na ware minti 30 bayan isha'i na sa alam, in ya buga in tashi. Ba kullum nake cin nasara ba gaskiya. Yanke shi gaba ɗaya na gwada, kwana biyu na yi ya dawo da ƙarfi.

Ɗalibin Madina:
Maganar sallah, in kika yi shakka ki gina kan mafi ƙaranci ki yi sujadar ba'adi, in kuma abin kullum ne to malamanmu suna da sauƙi ga mai yawan shakka, ki tambaya. A Sahihu Muslim Usman ɗan Abil As ya kai wa Annabi (SAW) irin wannan kukan, aka gaya masa shaiɗan ne mai suna Khinzab, ya nemi tsari ya yi tofi ta hagu sau uku. Wannan bai hana ganin likita ba.

Baƙuwar Jidda:
Na gode Allah ya saka, Anti Nas kin sa na ji sanyi. Jiya na gwada alam ɗin, ya buga na kashe shi na ƙara awa ɗaya. Gaskiyar magana tsoro nake ji in rabu da su, yaran nan a gabana suka girma, babbar ma an kusa bikinta. Juma'a dai ina da hutu, akwai wata 'yar garinmu da ta daɗe tana cewa in zo mu ci tuwo ina ta kawo uzuri, zan je.