Furostet: wa ke da sunanta da Hausa kafin Laraba?

Mai shirin lafiya: Jama'a, ku agaza mini. Laraba da daddare zan gabatar da shiri kan yawan fitsari ga maza. Ciwon suga, ciwon sanyi, maganin hawan jini mai sa fitsari, shan shayi da kofi da dare, duk na shirya su. Furostet ce ta tsaya mini a wuya. Mahaifina sau biyar yake ɗaukar buta tsakanin Isha'i da Asuba, ya daɗe a tsugune, ya taso yana jin da saura. Irinsu nake so su fahimta.

Nas: Don Allah, Malam, kar ka ce mafitsara kamar yadda ake yi a labarai. Mafitsara jaka ce. Furostet kuwa tsoka ce a ƙarƙashinta, ta kewaye hanyar fitsari, tana samar da wani sashe na ruwan maniyyi. In namiji ya haura 50 takan ƙara girma ta matse hanyar. Mata suna da mafitsara, amma ba su da furostet.

Baban Khalifa: Kaluluwar mara fa?

Nas: Kaluluwa a matsematsi take fitowa, sai dattijo ya shafa bai ji komai ba ya zauna gida.

Malamin Hausa: Goron mara. Girmanta bai wuce ƙaramin goro ba, kuma a mara take. Shekara uku ina koyar da shi haka.

Ɗan Maradi: Mu nan furostat muke ji a bakin likita, kowa ya gane.

Malamin Hausa: Ga matsalar kenan, ku na Faransa, mu na Ingila. Yaushe Hausa za ta tsaya da ƙafarta?

Ɗan Maradi: Ranka ya daɗe, likita da asibiti daga ina muka samo su? Kuma ba Kano kaɗai ke da Hausa ba.

Malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano?

Mai shirin lafiya: Ku yi haƙuri, lokaci na ƙurewa.

Nas: Ka faɗi duka biyun. Wanda zai je asibiti yana bukatar sunan da zai ji a can. Ka kuma gaya musu girman nata ba lallai sankara ba ne, amma in fitsari ya tsaya cak ko aka ga jini, a tafi a ranar.

Mai shirin lafiya: Zan ce "goron mara, wato furostet".

Malamin Hausa: To. Amma goron mara ne a gaba.